Albasar da ba ta yi halin ruwa ba: rigimar tukwanen bayolet 14 tsakanin Jos da Kano

Saƙon ya shigo wayar Gwaggo a tsakiyar watan Afrilu: hotuna tara da murya guda ta kusan minti uku. Wata Hajiya ce daga Kano, wadda ta zo biki Jos a watan Janairu, ta ga furannin da ke barandar Gwaggo, ta sayi tukwane 14 na 'ya'yan bayolet ta tafi da su. A muryar ba ta yi zagi ba, amma ta faɗi abin da ya fi zagi ciwo a wurin mai sana'a. "Hajiya, abin da na gani a gidanki daban, abin da ya fito min daban. In canza min aka yi, gara a faɗa min. Ni dai na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta ƙare aikin koyarwa a firamare, ta koma rainon furanni, kuma a duniya ba abin da take tsoro kamar a ce ta ci haƙƙin wani. A daren ta kira ni. "Ɗan nan, kai ne ka karanta aikin gona. Ka zo ka duba min wannan abu kafin sunana ya ɓaci." Na je washegari, kuma abin da na ɗauka aikin yini ɗaya ne sai da ya ci wata biyar.

Abin da aka sayar

Bayolet ɗin Afirka, wadda masana suka daɗe suna kira Saintpaulia, 'yar ƙaramar shuka ce ta cikin gida, mai ganye mai kauri da laushi kamar karammiski. Gwaggo tana da iyaye uku da take ji da su, kowace da sunan da ta raɗa mata. Akwai Mai Leshi, furenta shunayya ne mai ninki kamar ƙaramin fure na wardi, bakinsa kewaye da farin zare. Akwai Zabuwa, ruwan hoda ce da ɗige-ɗige da feshin shuɗi, ba fure biyu da ke kama da juna. Sai Mai Tsaga, wadda ita ce ta ja hankalin Hajiya tun daga bakin ƙofa: farin fure, kowane ganyen fure da ratsin shunayya guda miƙe a tsakiyarsa, kamar an sa aska an tsaga.

Dukkan 'ya'yan daga ganye aka samo su. Gwaggo takan zaɓi ganye mai lafiya daga layin tsakiya, ta yanke karansa a karkace da sabuwar reza, ta bar tsawon kamar gaɓar yatsa ɗaya da rabi, ta soka shi a kofin roba mai ƙasar ruɓaɓɓen ganye da yashi da ɓuntun shinkafa, ta kifa masa farar leda. Bayan wata biyu ko uku sai ka ga wasu 'yan ganyayyaki kamar farcen jariri sun ɓullo a gindin karan, wani lokacin uku, wani lokacin har shida. In sun yi ƙwari sai ta raba su, kowane da tukunyarsa. Waɗannan ta yanka su a watan Yuli, ta raba su a Nuwamba, ta sayar a Janairu. Ko ɗaya bai taɓa yin fure ba a ranar da aka sa su a bayan mota. Hajiya ta ga iyaye, ta biya kuɗin 'ya'ya: shida na Mai Leshi, huɗu na Zabuwa, huɗu na Mai Tsaga.

Ga abin da hotunan suka nuna. 'Ya'yan Mai Leshi duk sun yi fure ƙanana, marasa ninki, launin ya koɗe, farin zaren babu shi. A cikin na Zabuwa, uku suna da ɗige-ɗigen ko da yake kaɗan ne, ɗaya kuwa shuɗi ne fes daga sama har ƙasa. Na Mai Tsaga babu mai tsaga ko ɗaya: uku shunayya zalla, ɗaya fari mai ɗan duhu a tsakiya.

Na fara da zargin da kowa zai fara da shi, wato ko alamomin tukwanen sun cuɗanya. Gwaggo tana ɗiga jan farce a bakin kowace tukunya, kowace uwa da launinta, kuma ɗigon yana nan a hotunan. Ganye ma ya ba da shaida, don na Mai Leshi bakinsa a tattare yake, bayansa ja-ja, na Zabuwa kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai haske. Kowane ɗa ganyen uwarsa ya ɗauko. Na kuma tambaye ta ko ta taɓa shuka ƙwayar iri, domin ɗan da ya fito daga ƙwaya gadon gida biyu yake ɗauka, kamar yadda wanda ya shuka ƙwallon mangwaro mai aure ba ya samun irin mangwaron da ya sha. Ta ce ita ko ganin ƙwayar irin bayolet ba ta taɓa yi ba. Wannan ƙofa ta rufe.

Abin da ya taimake ni shi ne Gwaggo ba ta sayar da duka ba. Ta bar wa kanta uku daga 'ya'yan Mai Leshi, biyu na Zabuwa, biyu na Mai Tsaga, 'yan uwa ɗaya da na Kano, ranar yanka ɗaya, ƙasa ɗaya. Ba da niyya ba, ta shirya min gwajin da ko a makaranta sai an yi wahala kafin a shirya shi: 'yan'uwa a gari biyu, ɗaya mai sanyi, ɗaya mai zafi.

Mai Leshi: ƙuruciya da zafin Kano

Na Jos sun yi fure kusan lokaci ɗaya da na Kano. Su ma ba su kai uwarsu ba. Ninkin rabi ne, farin zaren siriri kamar an ja shi da alli, wani furen ma babu. Amma sun fi na Kano nesa ba kusa ba. Daga nan na gane abu biyu ne suka haɗu.

Na ɗaya ƙuruciya ce. Shukar da ba ta wuce wata tara ba, ganyenta bai kai goma sha biyu ba, saiwarta ba ta cika tukunya ba, ba ta da abincin da za ta zuba wa fure mai ninki. Masu rainon bayolet sun san furen farko yakan zo ƙarami, yakan rasa ninki ko ya rasa gefe, shi ya sa ba sa yanke wa shuka hukunci sai ta yi zagaye na biyu ko na uku.

Na biyu zafi ne. Asalin wannan shuka dazuzzukan duwatsun gabashin Tanzaniya ne da kudu maso gabashin Kenya, inda take maƙale a jikin duwatsu masu danshi a ƙarƙashin inuwa. A yankin Tanga da duwatsun Usambara ne wani jami'in mulkin mallakar Jamus, Walter von Saint Paul-Illaire, ya tsince ta a 1892 ya aika wa mahaifinsa a Jamus, kuma a 1893 Hermann Wendland na lambun Herrenhausen da ke Hanoba ya raɗa mata sunan gidansu. Jikokinta na cikin tukunya sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Selshiyas. Jos, da ke kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, tana kusa da haka a yawancin shekara. Kano a watan Afrilu kuwa sai wanda ya kwana a cikinta. Na roƙi Hajiya ta sa ɗanta ya ajiye ma'aunin zafi kusa da tukwanen. Da la'asar, a falon da suke, in an ɗauke wuta, ya nuna 34.

A irin wannan zafi furen bayolet yana buɗewa da wuri kafin ya cika, launinsa ya koɗe, ninkinsa ya ragu, farin gefe kuwa shi ke fara ɓacewa. Gadon shukar bai taɓu ba, yanayin ne ya hana shi fitowa. Da na ƙara duba hotunan sai na ga wasu zobba-zobba masu ruwan ɗorawa a kan ganyen. Na tambaya, Hajiya ta ce tausayinsu ta ji, take yayyafa musu ruwan firji da rana. Ganyen bayolet ba ya jure ruwan da ya fi shi sanyi sosai, nan take yake tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Mun daidaita a kan ta mayar da su ɗakin da ke kallon arewa, ta ɗora tukwanen a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa, ta riƙa ba su ruwan randa ta gindi, ta tsinke furannin da suka fito, ta jira damina.

Zabuwar da ta koma shuɗiya

A nan zafi ba shi da laifi sosai. Ukun da ɗige-ɗigensu ya ragu ba su dame ni ba, don irin wannan fure dama kowane zagaye da yadda yake zuwa. Ta huɗun ce abin dubawa, wadda ta fito shuɗiya fes.

Duk wanda ya taɓa ɓare masarar gargajiya ya ga ƙwaya mai feshin ja ko shunayya a kan fari, ya ga irin wannan aiki. Barbara McClintock, wata masaniya 'yar Amurka, a kan masara ta gano cewa akwai wasu guntayen sinadarin gado da ke tashi daga wuri su koma wani, kuma an ba ta kyautar Nobel a kan haka a 1983. In guntun ya sauka a kan umarnin da ke sa a yi wani launi, sai ya toshe shi. In ya tashi, launin ya dawo. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan sun nuna haka a wata bayolet mai suna Thamires, ita ma ruwan hoda ce mai feshin shuɗi: guntun yana zaune a bakin umarnin da ke samar da launin shuɗi, shi ya sa furen ya zama ruwan hoda. Duk ƙwayar halittar da guntun ya fice daga cikinta yayin da fure ke girma, ita da duk waɗanda suka rabu daga gare ta sai su yi shuɗi. In ya fice da wuri, ka ga babban rabo na shuɗi. In ya makara, ka ga ɗan ɗigo.

To, ɗan da ke fitowa a gindin karan ganye daga 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan yake farawa, wani lokacin ma guda ɗaya. In aka yi dace guntun ya riga ya fice daga waccan ƙwaya ta farko, shukar gaba ɗayanta shuɗiya za ta zama, haka ma duk ɗan da aka cira daga ganyenta. Jira ba ya maganin wannan. Na faɗa wa Gwaggo ta ƙidaya wannan tukunya a cikin bashin da ke kanta.

Da na bayyana mata sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato ta koma gidan kakanninta ke nan." Kuma haka ne, don bayolet ta daji furenta shuɗi ne mai ɗaukar shunayya, mara ninki, ganyen fure biyar, biyu ƙanana a sama, uku a ƙasa. Ko nau'o'i goman da kamfanin Armacost da Royston na Los Anjelis ya fitar kasuwa a 1936, ciki har da shahararriyar Blue Boy, duk a tsakanin shuɗi da shunayya suke. Mai ninki da ruwan hoda da fara daga baya suka zo, kuma da yawansu haka suka fara: wani ɗa ya fito bai yi kama da uwarsa ba, mai lambu ya ga ya yi kyau, ya ware shi. Abin da Hajiya ke ƙorafi a kai, da shi aka gina kasuwar tun farko. Sai dai ita ba sabon nau'i ta biya ba, Zabuwa ta biya.

Mai Tsaga, inda laifin ya faɗo kaina

Biyun da suka rage a Jos, a cikin sanyi da kulawar Gwaggo, su ma shunayya zalla suka yi. Zagaye na biyu ya zo a watan Yuni, bai canza komai ba. Shida cikin shida babu tsaga. Wannan ba dace ba ne kuma ba yanayi ba ne.

Mai Tsaga irin shukar da masana ke kira kimera ce, wato mai jiki biyu a fata ɗaya. Kan tsiron shuka, inda sabon ganye da fure ke fitowa, hawa uku ne kamar mutum ya sa singileti da taguwa da babbar riga. A yawancin shuke-shuke gadon hawa ukun iri ɗaya ne. A kimera kuwa hawan waje gadonsa daban, na ciki daban: ɗaya ya iya yin launi, ɗaya bai iya ba. Tsagar da ake gani a fure daga yadda hawan nan suka jeru take fitowa. Ba a rubuce take a cikin kowace ƙwayar halitta ba, a cikin jerin take. Muddin kan tsiron yana ci gaba da girma, jerin yana nan, kowane fure ya zo da tsagarsa.

Yanzu a duba abin da ganye ke yi. Karan ganyen da aka soka a ƙasa ba shi da kan tsiro. Sabo yake ƙirƙira, daga 'yan ƙwayoyin da galibi na fatar karan ne, wato hawa guda. Sabon ɗan sai ya gina hawansa ukun duka da gado ɗaya. Ya ɗauki riga ɗaya ya bar ɗaya, sai ya fito shunayya zalla ko fari zalla. Da Gwaggo za ta yanka ganye ɗari, da wuya ta samu mai tsaga. Wannan ne ya sa a ko'ina kimera ta fi sauran bayolet tsada.

Abin da ban so faɗa ba, amma dole, shi ne ni na ɗora ta a kan wannan hanya. Shekarar da ta fara sana'ar ta tambaye ni ko ɗan ganye yana gadon uwa, na ce mata ƙwarai, ai kamar karan rogo ne ko sandar rake, abin da ka dasa shi za ka girba. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda ya ci jarrabawa. Ban tuna cewa karan rogo da sandar rake da idonsu ake dasa su ba, wato da kan tsiron da uwa ta riga ta gina, alhali ganyen bayolet daga babu yake farawa. Ga yawancin nau'o'in bayolet amsata daidai ce. Ga Mai Tsaga kuwa ba daidai ba ce, kuma tukwane huɗu aka sayar a kanta.

Hanyar samun ɗan kimera na gaskiya ita ce a cira shi daga inda jerin hawan yake. Akwai tohon da ke fitowa tsakanin ganye da kara, kamar yadda ayaba ke fitar da 'ya'ya a gindinta. Akwai kuma karan fure, wanda ke da wasu 'yan ganyayyaki biyu ƙanana a ƙasa da inda furanni suka rabu: a cire furannin, a dasa karan har ganyayyakin su taɓa ƙasa, a rufe da leda, wani lokacin toho ya fito a gindinsu. Mai Tsaga ba ta da toho ko ɗaya a lokacin, sai na ba da shawarar da ta fi kowace tayar wa Gwaggo da hankali, wato a fille mata kai. A yanke saman da ganye huɗu ko biyar, a dasa shi daban ya yi saiwa, gindin da aka bari kuma dole ya fitar da toho. Ta riƙe rezar ta fi minti biyar. A ƙarshe ta miƙo min, ta ce, "Kai ka jawo, kai za ka yanka," ta shige ɗaki.

Yadda aka rabu

Gwaggo ta kira Hajiya da kanta, ba ta yarda ta yi saƙon murya ba. Ta raba mata tukwanen gida biyu: tara a ba su lokaci zuwa ƙarshen damina, biyar kuma bashi ne, ko kuɗi ko musanya. Hajiya ta sauko, har ta yi dariya ta ce ashe albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

A watan Agusta, da garin Kano ya yi sanyi, hotuna suka sake zuwa. Ɗaya daga 'ya'yan Mai Leshi ya mutu, ruwa ya kwanta masa a ƙirji ya ruɓe. A cikin biyar da suka rage, huɗu sun zo da ninki da farin zarensu, na biyar ya yi ninki amma zaren bai fito ba tukuna. Ukun Zabuwa sun dawo da feshinsu. Shuɗiyar tana nan shuɗiya, kuma ta fi duk 'yan'uwanta girma da yawan fure, har Hajiya ta ce ba za ta mayar ba, kuma ba za ta karɓi kuɗinta ba. Bashi ya koma huɗu.

Gindin Mai Tsaga ya fitar da toho biyar, uku suka rayu bayan an raba su. Na hana a tura ko ɗaya Kano sai ya yi fure, don ko ta wannan hanya ba kowane toho ke riƙe jerin ba. Ƙungiyar masu bayolet ta Amurka, wadda aka kafa a 1946, ba ta yi wa sabon nau'i rajista sai an haifa shi zuriya uku yana fitowa daidai. Gwaggo ta ce ita ba ta da wannan haƙurin, amma zagaye biyu na fure za ta iya jira, kuma daga yanzu hoton da za ta nuna wa mai saye na tukunyar da zai ɗauka ne, ba na uwarta ba. Ta mayar wa Hajiya kuɗin tukwane biyu, sauran biyun suka tsaya a kan alkawarin toho.

Kan da muka fille ya yi saiwa, ya sake fure da tsagarsa cif, abin da ya sa Gwaggo ta koma gaishe ni da fara'a. Karan fure shida muka dasa, biyar suka ruɓe, ɗaya ya fitar da toho guda. Cikin tohon gindi ukun, biyu sun fara ƙunshe fure a makon da ya wuce. Jiya da safe ta turo min hoton na farko yana ɗan buɗe baki, fari ne, da wani siririn duhu a tsakiya wanda ita ta rantse tsaga ce, ni kuma na ce mata mu bar shi zuwa Juma'a.